Takarda Arba'in da Uku, Kai Ɗaya

Gonar Malam Maharazu ta bakin hanya ba ta da fasali. Kusurwa uku gare ta, domin ranar da aka raba gadon mahaifinsu shi aka bar wa inda burtali ya yanke. Mutum ne mai tsari, da igiya yake shuka, saboda haka layin farko daga can ƙurya rami ɗaya yake ci, na biyu rami biyu, na uku rami uku, haka har layi na tamanin a gindin gawo.

Shekarar da 'yarsa Adawiyya ta cika tara, ya aike ta ta ƙirgo masa ramukan don ya san takin da zai nema. Yarinya ba ta ko taka cikin gonar ba. Ta zauna a inuwa, ta yi 'yan zane-zane a ƙasa da tsinke, ta dawo ta ce dubu uku ne da ɗari biyu da arba'in. Ya ɗauka ƙiwa ce ta sa ta yanko masa ƙarya, sai ya bi ramukan da kansa, wuni guda cur, yana jefa tsakuwa a aljihu duk layin da ya gama. Da ya iso gindin gawo, lissafinsa da nata babu bambancin ko rami ɗaya.

"Ke, wa ya gaya miki?"

"Baba, in ka samo wata gona irin wannan, ka juya ta ka manna da tamu, ai kowane layi zai zama rami tamanin da ɗaya. Layi tamanin ke nan. Sai ka raba biyu, tunda ɗaya ce tamu."

Malam Maharazu ya ce shi dai bai san inda zai samo wata gonar ba, wannan ɗin ma da ƙyar aka bar masa.

Haka kan Adawiyya yake tun asali. Ba ta haddace ƙa'ida, ganin abu take yi. Sai dai sakandaren je-ka-ka-dawo ta Tudun Gawo, can cikin ƙasar Taura, ba wurin da ake tambayar yaro abin da yake gani ba ne. Ajinsu ya yi shekara uku babu malamin lissafi. Malamin tarihi ne yake shigowa ya kwafe musu littafi a allo, ya fita yana karkaɗe alli daga hannunsa kamar ya taɓa ƙazanta. Akwai wani ɗaki a bayan ofis da aka rubuta wa Ɗakin Gwaje-gwajen Kimiyya a saman ƙofa, amma tun da suka shiga makarantar kwaɗo ke rataye a jikinsa, jemagu ne kaɗai suka san abin da ke ciki. Adawiyya takan leƙa ta ramin makulli ta hango wasu kwalabe masu dogon wuya a kan kanta, ta yi ta tunanin abin da ake yi da su.

A aji huɗu aka turo musu Malam Abdulbaƙi, wani siririn mutumin Ringim mai saurin fushi da saurin hucewa. Mako biyu ya yi ya gane abin da ke zaune a bencin gaba. Ya fara kawo mata tambayoyin da ba na ajinsu ba, tana warwarewa ta hanyoyin da shi kansa sai ya koma gida ya zauna kafin ya yarda daidai ne. Wani lokaci ya yi mata faɗa don ta tsallake matakai, wani lokaci ya tsaya a gaban allo yana dariya shi kaɗai. A farkon aji shida ya ɗauke ta a bas zuwa Dutse, gasar lissafi da kimiyya ta 'yan sakandare. Ranar ta fara shiga adaidaita sahu, ranar ta fara ganin ginin jami'a, ranar kuma ta kayar da yaran manyan makarantun kwana da tazarar da ta sa alƙalai suka sake duba takardarta.

Wata gidauniya ce ta ɗauki nauyin gasar, kuma ladan na ɗaya shi ne gurbin karatun injiniya, komai da komai a wuyansu har a gama. Sharaɗi biyu suka kafa. Ɗalibi ya kawo sakamakon jarrabawar gama sakandare na wannan shekarar, kuma kada ya wuce shekara goma sha takwas ranar shiga. Adawiyya tana da goma sha shida da rabi. Malam Abdulbaƙi ya ce wannan ai an gama, ko da ido a rufe za ta rubuta.

To, a Tudun Gawo akwai abin da ake kira taimako. Kowa ya san shi, babu mai faɗarsa da ƙarfi. Ranar takarda mai wuya, mai sa ido da hukumar jarrabawa ta turo sai a kai shi ofis a ajiye masa fura mai sanyi da kaza, ya ci, ya yi alwala, ya yi sallar da ba ta ƙarewa. Kafin ya dawo an riga an warware tambayoyi an zuba wa yara a allo. A da, wani tsohon ɗalibi ake ɗaukowa daga gari ya yi aikin, kuma rabin amsoshinsa shirme ne, don haka bara mutum huɗu kacal suka tsallake lissafi. Bana kuwa shugaban makarantar ya ga Allah ya kawo masa sauƙi har cikin ɗakin jarrabawa. Shugaban nan Malam Isah ne, yayan Kubura mahaifiyar Adawiyya, uwa ɗaya uba ɗaya.

Ana saura kwana uku takardar lissafi ya zo gidan da la'asar. Kubura ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa, aka kira Adawiyya ta durƙusa ta gaishe shi. Bai yi dogon zagaye ba. Ya ce ta yi sauri ta gama cikin awa guda, za a karɓi takardarta a zagaya da ita, a dawo mata da ita kafin lokaci ya cika.

"Kawu, Malam Abdulbaƙi ya ce ha'inci ne."

"Malam Abdulbaƙi baƙo ne, gobe a ɗauke shi ya tafi. Ke fa? Yara arba'in da biyu ne a ajin nan ban da ke, akwai wanda ba ɗan'uwanki ba ne a ciki? Laifinsu ne da aka bar su shekara uku babu malami? Ke Allah ya ba ki, za ki wuce Dutse. Su kuma ki bar su a nan da takardar banza?"

Abin da ya fi yi mata ciwo shi ne ba ƙarya ya yi ba. Ta san yaran nan ba daƙiƙai ba ne. Zakiyya 'yar Kawu, wadda suke benci ɗaya tun firamare, so take ta karanta ungozoma, lissafi kaɗai ke tsakaninta da makarantar. Adawiyya ta dubi mahaifiyarta ko za ta samu mafita.

"Ki yi abin da kawunki ya ce," in ji Kubura, idonta a kan tsintar shinkafar da take yi. "Shi ya tsaya aka sa ki makarantar nan lokacin da babanki yake jan ƙafa."

Ranar jarrabawa, dokar hukuma ta hana malamin darasi kusantar ɗakin, saboda haka Malam Abdulbaƙi yana can gida. Adawiyya ta gama cikin minti hamsin. Tambaya ta shida a kan kujerun wani ɗakin taro ce, kowane layi ya fi na gabansa da kujera uku, ana neman jimillarsu. Littafi yana da ƙa'idarsa da ake haddacewa, amma ita da ta karanta sai ta ga gonar babanta. Ta zana ta, ta zana ta biyu a juye ta manna, ta fitar da amsa. Garin sauri ta fara rubuta lambar da ba ita ba, ta soke ta da layi biyu, ta rubuta daidai a gefe.

Hannun Kawu ya sauko a kan takardar. Ta ɗan danne ta da gwiwar hannu, na ɗan lokacin da bai kai numfashi biyu ba, sannan ta ɗaga.

Ga inda aka yi wauta. Yaran da ba a koya wa lissafi ba ba su san abin da ke amsa da abin da ke ado ba, don haka suka kwashe komai. Suka zana gona, suka zana ta biyu a juye. Suka rubuta lambar kuskure, suka soke ta da layi biyu, suka rubuta daidai a gefe. Mutum arba'in da biyu, kowa da kuskurensa a soke tsaf a wuri ɗaya, kamar an buga da hatimi.

Gero ya fara fitar da kai lokacin da sakamako ya fito. Na kowace makaranta ya fito ban da na Tudun Gawo, an riƙe shi ana bincike. Adawiyya ta yi kwana biyu ba ta iya cin abinci. Malam Abdulbaƙi ya zo gidan, ya tsaya a zaure yana faɗa har maƙwabta suka leƙo, da ya huce kuma ya zauna ya rubuta wa hukuma takarda. Dabararsa mai sauƙi ce, kuma shi a ganinsa babu yadda za ta ƙi ci. In aka tabbatar aikin nata ne, ita ta yi da kanta, dole a sakar mata sakamako, masu kwafa su ji da kansu. Gidauniya ta yarda ta jira zuwa ƙarshen kaka.

Aka kira su Dutse wata Talata. A wannan karon ba ta kalli ginin jami'a ba da bas ta wuce ta gabansa. Ofishin hukumar yana sama, ɗaki mai fanka da dogon tebur, mutum uku a zaune. Ta tsakiya wata dattijuwa ce mai tabarau, Dakta Marwa, wadda aka ce ta yi shekara talatin tana koyar da lissafi. Takardu arba'in da uku suna gabanta a buɗe, duk a tambaya ta shida.

"'Yata, malaminki ya ce wannan zanen naki ne. Na duba littattafan da na sani, ban gan shi a haka ba. Ga allo can."

Ta ba ta wata tambaya, irin waccan amma ta fi ta ƙulli. Adawiyya ta ɗauki alli ta fara zane. Ta manta da fanka, ta manta da tebur. Da ta gama, Dakta ta ƙara mata wata, sannan wata, ta ukun ma ba ta cikin karatun sakandare. Sai ga dattijuwar ta taso ta zo bakin allo, suna magana kamar abokan aiki, tana tambayar me ya sa a nan ta juya, Adawiyya tana ba ta labarin ramukan gero da gawo. Malam Abdulbaƙi yana kujerar baya, farin ciki ya cika shi har yana goge ido da hularsa. Adawiyya ba ta taɓa jin daɗi irin na wannan rabin awar ba.

Dakta Marwa ta koma kujerarta, ta cire tabarau, fuskarta ta sauya.

"Babu shakka naki ne. Da ma ban tabbatar ba, da ya fi miki sauƙi." Ta ajiye tabarau ɗin a kan tebur. "Ki saurare ni da kyau. Wanda ya kwafa, takardar lissafi kaɗai zai rasa, ya sake zama a zagaye na gaba. Wanda aka kwafa daga wurinsa, doka ta ɗauke shi shi ne tushen abin. Sakamakonsa duka ake sokewa, a hana shi zama shekara biyu. Kafin yau ba mu san ko wane ne ba a cikin arba'in da ukun."

Malam Abdulbaƙi ya miƙe tsaye. "Ranki ya daɗe, ni na kawo ta, ni na ce ta..."

"Zauna, Malam. Kana ɗakin ranar?"

"A'a."

"To ba ka da shaida." Ta juyo wurin Adawiyya, muryarta ta yi laushi. "Ƙofa ɗaya ce ta rage. In wani babba ne ya karɓi takardar nan daga hannunki, ki faɗi sunansa, ki sa hannu. Shi zai amsa, aikinsa zai tafi, wataƙila har kotu. Ke kuma in rubuta da hannuna a sakar miki sakamako. Wa ya karɓa?"

Sunan yana bakinta, gajere ne, ba ya buƙatar numfashi guda. Ta ga Kawu an rako shi daga ofis a gaban ɗalibai. Ta ga gidansa mai mutum goma sha ɗaya. Ta ga mahaifiyarta tana shiga gidan biki mata suna yin shiru, ana nuna ta da baki, ga wadda 'yarta ta kai yayanta kotu. Ta tuna kuma cewa ita ce ta ɗaga gwiwar hannunta, babu wanda ya ture ta.

"Ni na bayar."

"'Yata, ki sake tunani. Ba na gaggawa."

"Ni na bayar, ranki ya daɗe. Babu wanda ya karɓa."

Adawiyya ta san Dakta Marwa ta gane ƙarya ce. Daga bisani dattijuwar ta mayar da tabarau ta jawo takarda. Malam Abdulbaƙi ya sa Adawiyya a gaba suka nufi tashar mota. Sai da bas ta kama hanya ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Ni na kai ki na miƙa musu da hannuna. Ki yafe mini."

Shekara biyu a kan sha shida da rabi lissafi ne da ko Zakiyya za ta iya: ya zarce sha takwas ɗin da aka kafa. Gidauniya ta aiko da wasiƙa mai ladabi, ta miƙa gurbin ga wanda ya zo na biyu, wani yaro Zuhair ɗan cikin Dutse. A Tudun Gawo kuwa babu wanda ya gode mata, domin babu wanda ya san an ma yi mata tambaya. Abin da gari ya sani shi ne iyayin 'yar Maharazu ne ya ja wa yara. Da ta bi hanyar littafi kamar kowa, wa zai gane? Sai da ta nuna ita mai kai ce, ta zana gonar ubanta a takardar gwamnati. Mata suka riƙa faɗa a bakin famfo, ba a ɓoye ba.

Sauran suka sake zama a wata cibiya, da yawansu suka haye, Zakiyya ta tafi makarantar ungozoma da sabon akwati. Malam Abdulbaƙi ya nemi a mayar da shi Ringim. Ranar tafiyarsa ya aiko mata da wani ƙaton littafin lissafi na 'yan jami'a. Ta buɗe shi sau biyu, ta ga tana ganewa, abin ya fi ƙarfin zuciyarta, ta sa shi a ƙarƙashin katifa. Malam Maharazu bai taɓa tayar da maganar ba, sai dai da aka zo shuka ya ƙi aiken ta gonar bakin hanya, ya ce rana ta yi zafi.

Ruwan farko ya sauka, jarrabawa ta sake zagayowa. Ana saura kwana uku takardar lissafi, Kawu Isah ya yi sallama da la'asar. Kubura ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa. Ya rame, kuma bai iya haɗa ido da Adawiyya ba, amma hakan bai hana shi faɗar abin da ya kawo shi ba. Tun tafiyar Malam Abdulbaƙi ba a turo wani ba. Yara hamsin da ɗaya ne bana. Ba sai ta shiga ɗakin jarrabawa ba, za a kai mata tambayoyin inda take.

"Amma don Allah ki bi hanyar littafi," in ji shi. "Kada ki yi zane. Ki yi mana kala uku, kowace ki sa mata kuskure biyu ko uku a wuri dabam, yadda ba za su yi kama ba."

Adawiyya ta ɗago kai. Ta buɗe baki za ta ce a'a, a karon farko a rayuwarta, sai ta hango Umaima ƙanwarta tsaye a bakin ƙofar ɗaki, rungume da littafin lissafin da malamin tarihi ya kwafe musu. Umaima tana cikin hamsin da ɗayan. Kubura kuwa ta daina tsintar shinkafar da take yi tana jira.

Ranar jarrabawa da safe Kawu ya shigar da ita ta bayan makaranta. Ya ce wuri ɗaya ne mai sa ido ba zai leƙa ba. Ya ciro makulli ya buɗe kwaɗon Ɗakin Gwaje-gwajen Kimiyya, jemagu suka tashi, wari ya buso. Shekara shida tana leƙen ɗakin nan ta rami, yau ga ta a ciki. Kwalabe masu dogon wuya suna nan a kan kanta, ƙura ta rufe su, ɗaya gizo-gizo ya yi saƙa a bakinta. Ta goge gefen tebur da hijabinta ta zauna.

Aka turo takardar tambayoyi ta ƙarƙashin ƙofa. Ta karanta ta sau ɗaya, amsoshin suka jeru a kanta tun kafin ta ɗauki biro. Minti ashirin ya ishe ta rubuta su ta hanyar littafi. Sauran lokacin duk a kan kurakuran ya tafi, domin ba ta saba ba, sai da ta yi ta tunanin inda yaron da ba a koya wa komai ba zai yi tuntuɓe. Ta zaɓi kalar da ta fi ƙarancin kuskure, ta naɗe mata kusurwa, ta ce wa Kawu ta bakin ƙofa wannan ita za a kai layin su Umaima.